Daga soron Katsina zuwa wayar haƙori

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro a cikin garin Katsina da tsakar rana lokacin bazara ya san sanyin nan da ke tarar mutum tun daga bakin ƙofa, amma ba kowa ke ɗaga kai ya kalli abun da ke samanshi ba. In ka ɗaga za ka ga ƙasa ce, jar ƙasa irin wadda muke takawa kullum, ta taso daga bangon nan ta taso daga bangon can, sun lanƙwaso sun haɗu a tsakiya, kuma ga wata uwar ƙasar an jibga masu a kai shekara da shekaru, ba rodi ba siminti. Magina na ce mashi bakan gizo, in kuma bakunkunan sun gitta juna a tsakiyar ɗaki su ce ɗaurin guga. Ni dai tun ina makaranta abun nan ke tsaya mani a rai, sabida a aji an koya mana lissafin kankare da rodi har muka gaji amma ba ranar da aka ce ga yadda soron kakanninmu ke tsayuwa da ƙafarshi. Da na fara bin rubuce-rubucen masu bincike a kan baka, wato irin wannan lanƙwasar, sai na tarar ashe ba magina kaɗai ke fama dashi ba, likitan ƙashi na da nashi, likitan haƙori na da nashi, masu ilimin duwatsu ma haka, kuma in ka kwashe manyan kalmomin da kowa ya yaɓa wa nashi tambayarsu guda ce, nauyin da ke sama ta ina zai bi ya sauka, kuma wa ke tare ƙafar bakan kada ta buɗe.

Dutse da bulo na da ƙarfi in danne su ka yi, amma in ka ja su ko ka nemi lanƙwasa su nan take suke tsagewa, shi ya sa in ka ɗora dogon dutse a kan ginshiƙai biyu masu nisa ta ƙasa zai fara darewa a tsakiya. Dabarar su Rumawa ita ce a sassaƙa duwatsu masu faɗi ta sama tsukakku ta ƙasa a jera su a lanƙwashe, kowane na danne na kusa dashi, sai nauyin gaba ɗaya ya koma matsi, abun da dutse ya fi iyawa kenan. Sai dai ba a banza ba. Nauyin ba ya sauka a miƙe, a karkace yake sauka yana tura ƙafafun biyu waje, dare da rana, in babu wani abu mai nauyi da ya tokare su to ranar da suka ɗan matsa shi kenan ƙolin ya rufto. Gadar ruwan nan ta Pont du Gard da ke kudancin Faransa, wadda Rumawa suka gina a ƙarni na 1, tsayinta ya kusa mita 49 kuma hawa uku ce ta bakunkuna, kowane baka na tokare da maƙwabcinshi har a kai ga dutsen da ke gaɓar kogi.

Wanda ya fi burge ni dai na Kisra ne, sarkin Farisa. Duk wanda ya taɓa zama wajen karatun maulidi ya ji labarin fadar Kisra da ta tsage a daren haihuwar Manzon Allah (SAW), to wallahi ragowar ginin na nan har yau a Mada'in, kudu da Bagadaza, baka guda na bulo tsayinshi wajen mita 37 faɗinshi wajen mita 26 kuma ba ƙarfe a cikinshi. A can ƙoli kaurinshi wajen mita 1 ne kawai, amma a gindi bangon ya kai mita 7. Ka ga inda masu ginin suka zuba dukiyarsu kenan, ba a sama ba, a ƙafa. Ambaliyar 1888 ta cinye ɓangare guda na fuskar ginin amma bakan ya tsaya.

To wace irin lanƙwasa ce ta fi dacewa? Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya ba da amsa a 1675, kuma don kada wani ya riga shi cin suna sai ya hargitsa haruffan amsar ya buga su haka, sai bayan rasuwarshi aka warware a 1705. Abun da ya ce a taƙaice, ka riƙe sarƙa ta baki biyu ka sake ta ta yi reto, siffar da ta ɗauka in ka kifar da ita sama ta koma ƙasa, ita ce siffar bakan da zai tsaya. Sarƙa ja kawai ta sani, in ka juya ta sai komai ya koma matsi. Da ƙubbar babbar majami'ar Santa Fita ta birnin Rum ta tsattsage hankalin kowa ya tashi, wani masanin lissafi, Giovanni Poleni, da wannan dabarar ya duba ta, ya rataya sarƙa ya ɗaura mata nauyi daidai da nauyin kowane yanki na ƙubbar, ya juya zanen ya ga layin bai fita daga cikin kaurin ginin ba, ya ce ba za ta faɗi ba amma a ƙara mata ɗamarar ƙarfe, rahoton ya fito a 1748. Ku riƙe maganar sarƙar nan don za ta sake ɓullowa a inda ba ku zata ba.

Yanzu namu. Bakan gizo a ido kaman na Rumawa yake amma cikinshi daban ne kwata-kwata, kuma nan ne na fi jin takaicin rashin koya mana shi. Akwai wani kawuna magini, gado ya yi, yanzu ƙarfi ya ja baya sai dai ya zauna a inuwa yana nuni da sanda, na ce mashi Kawu, wai me ke hana abun nan ruftowa lokacin da ake cikin ginin, tunda ba ku kafa katako a ƙasa irin na masu zubin kankare? Ya yi dariya ya ce kai yaro, ai ba rana guda ake yi ba, kuma ba ƙasa ke riƙe shi ba, azara ce. Yadda ya warware mani shi ne, tun bango na wajen kafaɗar mutum ake binne azara a cikinshi a ɗan karkace ta leƙo cikin ɗaki, a ɗaure da igiya a yaɓe da ƙasa a bar ta ta bushe, sannan a ɗora wata azarar a kanta wadda ta fi ta leƙowa, gindinta na danne a cikin ta farko, a ɗaure a yaɓe a jira, haka haka daga ɓangare biyu har su kusanci juna sannan a gitta wasu azarun a ƙoli su haɗe su. Lanƙwasar nan mai santsi da muke gani yaɓe ne, a ciki gaɓa-gaɓa ce ta itace miƙaƙƙe. Wato ƙasa na ɗaukar matsi azara na ɗaukar ja, aikin da siminti da rodi ke yi kenan, kuma an daɗe ana yin shi a nan kafin siminti ya shigo ƙasar.

Dalilin duk wannan wahalar kuwa azara ita kaɗai ba ta wuce wajen ƙafa 6 in za ta ɗauki rufin ƙasa ba tare da ta saki ba, to in kana son zaure mai faɗi da za a yi fadanci ko a yi sahu dole ka yanka sararin sama gida-gida da bakunkuna yadda kowane gurbi azara za ta iya tsallake shi. Daga giginya ake tsaga ta, namijin ya fi ƙarfi, kuma gara ba ta cika samun sa'arta ba. Sauran aikin na kare ginin daga ruwa ne, makuba daga kwasfar ɗorawa, laso da ake haɗawa da katsin marina, da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. Kawu ya ce soro bai taɓa mutuwa ta sama, ta ƙafa yake mutuwa, ruwa ya kwanta a gindin bango ya jiƙa inda azarar farko ke binne, shi kenan.

Ba wai ba a yi bincike a kai ba, an yi. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan Folan, ya zo Najeriya a 1958 ya yi shekaru yana yawo da awo yana zana gine-ginen gargajiya, shi ne ya assasa gidan tarihin gine-gine da ke Jos inda aka sake gina kwatankwacin masallacin Zariya da wani sashe na fadar Katsina da ganuwar Kano. Hamman Tukur Saad ya yi digirinshi na dakta a jami'ar Mishigan a 1981 a kan maginan ƙasar Hausa da yadda su da kansu suke auna kyan gini. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu shi ne wanda duk masu rubutun ke komawa kanshi. Kuma kada a ce abun ya mutu tun ƙarni na 19, a Yaama ta jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962 wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, Bahaushe magini manomi. Abun da ke damuna shi ne yawancin abun da na ci karo dashi zane ne da hoto da tarihi da maganar ado, ni kuma lamba nake son gani, a ɗauki azara a sa a inji a matsa ta har ta karye a rubuta, a gwada ta shekara 5 da ta shekara 80, a gwada ɗaurin igiyar. Muna da jami'ar Umaru Musa Yar'adua da kwalejin Hassan Usman a garin nan, ɗalibai na neman abun rubuta furojek duk shekara, ga shi nan a cikin unguwa.

Masu ilimin duwatsu su kam sun yi irin wannan gwajin, kuma abun da suka gano ya ba ni mamaki ƙwarai. A jihar Yuta ta Amurka akwai wani gandu da ke da bakunkunan dutse sama da 2,000 waɗanda ba hannun ɗan Adam, mafi tsawonsu ya kai mita 88 daga ƙafa zuwa ƙafa kuma siriri ne har tsoro yake ba mutum. Ba sai an je nesa ba ma, a tsaunukan Ennedi na arewa maso gabashin Cadi akwai bakan Aloba mai tsayin wajen mita 120. Da can bayanin da ake bayarwa shi ne ruwa da iska da gishiri ke cin dutsen, to amma me ya sa suke cin tsakiya su bar baka, me ya sa ba su cinye duka ba? A 2014 Jiri Bruthans da abokan aikinshi na jami'ar Charles da ke Firag suka ɗauki ƙananan curi na dutsen yashi mai taushi wanda in ka tsoma shi a ruwa narkewa yake, suka ɗora ma wasu nauyi suka tsoma. Wanda ba a ɗora ma komai ba ya watse. Wanda aka danne kuwa ruwa ya yi ta cin gefenshi yana sirancewa, yana sirancewa nauyin na taruwa a kan ɗan abun da ya rage, har aka kai inda ƙwayoyin yashin suka cije juna ruwan ya kasa ɓanɓarar ko ɗaya. Da suka ɗan tsaga curin a wurare daban-daban sai ga baka ga ginshiƙi na fitowa da kansu. Wato inda nauyi ke bi nan ke tsira, inda ba ya ɗauke da komai shi ruwa ke kwashewa. Mu nan duwatsunmu irin na Dutsin-Ma da Kwatarkwashi ba na yashi ba ne, masu tauri ne da ke ɓarewa falle-falle su bar manyan curi a ɗore kan juna, shi ya sa ba mu saba ganin irin wancan ba.

Suna faɗuwa fa. A gandun nan na Yuta wani babban falle ya ɓalle daga mafi tsawon a 1991, wani bakan kuma ya rushe gaba ɗaya cikin dare a watan Agustan 2008, sannan wani shahararren bakan dutse na bakin teku a ƙasar Malta guguwa ta kwashe shi ranar 8 ga Maris 2017, ba ƙolin kaɗai ba har ginshiƙin da ke cikin ruwa. Shi ya sa Jeff Moore da ɗalibanshi a jami'ar Yuta suke ɗora ƴar ƙaramar na'urar auna girgizar ƙasa a kan bakunkunan suna saurare, don kowane baka na da kalar rawar da yake yi wadda ido ba ya gani, tana ɗan canzawa da zafin rana da sanyin dare ta dawo, amma in ta canza ta ƙi dawowa to wani abu ya tsage a ciki. Ni da zan samu irin na'urar nan da na ɗora ta a kan tsofaffin sorayen garin nan, awo guda a bazara awo guda bayan marka, mu ga yadda damina ke sassauta su.

A jikinmu kuwa akwai bakunkuna da dama amma wasu siffa ce kawai ba su ɗauke da kaya, kaman babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya ta yi sama ta lanƙwaso ta gangara, wadda jijiyar maƙogwaro ta hagu ke saukowa tun daga kai ta zagayo ta ƙarƙashinta sannan ta koma sama, a raƙumin dawa wannan zagayen ya wuce mita 4. Wanda ke ɗaukar kaya na gaske shi ne na tafin ƙafa. Ƙashi 26 ne a ƙafa guda, an jera su baka uku, biyu a tsaye daga dunduniya zuwa yatsu, na ciki mai zurfi na waje mai kwanciya, ɗaya kuma a gicciye. To nan ba bangon mita 7 da zai tokare, me ke hana dunduniya da yatsu barin juna in ka taka? Wata faffaɗar jijiya ce mai tauri a tafin ƙafa da ta ɗaure su, aikinta aikin tsirkiya a jikin bakan maharbi. Wani mai bincike J. H. Hicks ya nuna a 1954 cewa in babban yatsa ya ɗago sama lokacin da za ka cira ƙafa, jijiyar na naɗuwa a kan gaɓar yatsan ta ɗame, bakan ya ƙara tashi ƙafar ta yi tauri daidai lokacin da kake buƙatar turawa. Ka zauna ka ja babban yatsanka sama da hannu ka shafa tafin za ka ji ta ta miƙe. A 1987 kuma Robert Ker da su McNeill Alexander a jami'ar Lidis suka auna suka ga bakan ƙafa na adana wajen kashi 17 cikin 100 na ƙarfin kowane taku in mutum na gudu ya maido mashi, agara kuma wajen kashi 35.

Na gicciyen nan an daɗe ana raina shi sai a 2020 Madhusudhan Venkadesan na jami'ar Yel da abokan aikinshi suka nuna shi kaɗai na ba da sama da kashi 40 cikin 100 na taurin ƙafa. Gwajin da suke nuna wa mutane mai sauƙi ne, ka riƙe takardar kuɗi ta baki guda za ta langaɓe, ka ɗan lotsa ta da yatsa ta lanƙwashe a faɗinta sai ta miƙe har ta ɗauki tsaba.

Sai maganar filat-fut, shafaffen tafin ƙafa, wanda samarinmu da yawa ba su taɓa sanin suna dashi ba sai ranar da suka je tantancewar shiga soja aka ce su koma gefe. Jarirai duka haka ake haihuwarsu, bakan na fitowa ne a hankali cikin shekarun yarinta, don haka uwa kada ki tayar da hankalinki kan ɗan shekara biyu. A Indiya Rao da Joseph sun duba yara 2,300 a 1992 suka samu kashi 8.6 na masu sa takalmi na da shafaffen tafi, marasa takalmi kuwa kashi 2.8 ne kacal, to mu da muka tashi muna tamola ba takalmi a kan yashi ashe ba asara muka yi ba. Kuma wani bincike da Cowan da abokanshi suka yi a 1993 kan sabbin sojojin ƙasa na Amurka ya samu masu zurfin baka sosai sun fi masu shafaffen tafi jin rauni a wajen horo. Ni a ganina tsohuwar ƙa'idar nan ta cancanci a sake duba ta, ƙafar da ke shafe amma ba ta ciwo kuma bakan na fitowa in mutum ya yi ɗage daban take da wadda ta sandare. Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne mai ciwon suga da ƙafarshi ta daina jin zafi, don akwai yadda tsakiyar ƙafar ke rushewa yana tafiya a kai bai sani ba, in ta kumbura ta yi ɗumi a je asibiti kada a tsaya shafa man zafi.

To ga inda sarƙar Hooke ta dawo. Wata ƙanwata aka sa ma wayar haƙori sabida na ƙasan sun hau kan juna, ta dawo gida tana cewa Yaya ni fa ban gane ba, wannan ƴar siririyar wayar ce za ta motsa ƙashi? Ita ce kuwa. Haƙori ba a kafe yake a muƙamuƙi ba, wasu siraran zaruruwa ne suka rataye saiwarshi a cikin rami, in aka matsa mashi a hankali ba fashi sai ƙashin da ke gaba ya riƙa narkewa na baya na ginuwa, yana tafiya wajen milimita 1 a wata. Wayar farko da ake sawa yawanci haɗin nikel da titaniyom ce, ƙarfen da aka gano a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, George Andreasen na jami'ar Ayowa ya shigo dashi aikin haƙori a farkon shekarun 1970, halinshi shi ne duk yadda ka murɗa shi cikin karkatattun haƙora so yake ya koma siffar da aka yi shi da ita, yana komawa yana jan haƙoran. Kenan siffar da aka ba wayar a masana'anta ita za a ɗora wa mutum, to wace siffa ce daidai?

Sama da shekara 100 ana wannan gardamar. Wani likitan haƙori, Edward Angle, ya kasa cizon mutane gida uku a 1899 bisa yadda turmin farko na sama ke sauka kan na ƙasa, har yau da shi ake aiki. Hawley a 1905 ya zana jerin haƙora da da'ira da kusurwa uku. A 1949 MacConaill da Scher suka rataya sarƙa suka gwada ta da jerin haƙoran mutane suka ce ai lanƙwasar sarƙa ce, irin dai wadda Poleni ya duba ƙubba da ita. Brader ya zo a 1972 ya ce a'a siffar ƙwai ce, wasu daga baya suka kawo wasu lissafan na kwamfuta. Kowa na da gaskiya a kan wasu mutanen kuma ya faɗi a kan wasu. Bayanin da ya fi kwanta mani shi ne na William Proffit, cewa haƙora na zaune ne a inda turin harshe daga ciki da matsin leɓe da kumatu daga waje da riƙon zaruruwan nan suka yi sulhu, kuma ba ƙarfin tauna na ɗan lokaci ke tsara su ba, ɗan matsin da ya daɗe awa da awanni ne. Shi ya sa yaron da ya daɗe yana tsotsar yatsa haƙoranshi na sama ke turowa gaba jerin ya tsuke. Nan ma dai abun da ke tokare da baka daga gefe shi ke da magana.

Kuma in ka yi gardama dashi shi zai ci. A jami'ar Washintan da ke Siyatil, Robert Little ya bi mutanen da aka gyara wa haƙora shekaru bayan sun daina sa komai, bayan shekara 10 wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai haƙoran gabansu na ƙasa ke nan a jere yadda ake so, bayan shekara 20 kuwa wajen kashi 10 cikin 100. Wasu binciken sun nuna in ka buɗa tsakanin fiƙoƙin ƙasa ko ka canza wa mutum siffar jerinshi ta asali, a hankali yake neman komawa. Dalilin ritena kenan, abun nan da ake cewa a riƙa kwana dashi bayan an cire waya, wanda yawancin mutane ke jefarwa a durowa bayan wata biyu sannan su ce likita bai iya aiki ba. Sannan jerin haƙoran al'ummu ba ɗaya ba ne, Burris da Harris sun auna a 2000 suka samu na baƙaƙen fatar Amurka ya fi na fararen girma kuma ya fi buɗewa ta gaba, wani binciken ya samu na Japanawa ya fi na Turawa faɗi. To wayar da ke zuwa mana a kwali an riga an lanƙwasa ta, likitan kirki shi ne wanda zai ɗora ta a kan samfurin haƙoranka ya zaɓa ko ya gyara, ba ya zaro ya ɗaura ba. Wannan kaɗai ya isa ya tsorata ƴammatan da ke zuwa shago a manna masu waya don gayu, wallahi ko ta ado ce in tana matsi haƙori zai tafi, kuma ba wanda ya tsara mashi inda za shi.

Akwai ma abun da awo ba zai yanke ba. A littattafan likitocin haƙori, gibin tsakanin haƙoran gaba na sama matsala ce da ake rufewa, mu kuwa a nan wushirya ce, har waƙa ake wa mai ita. Ƙanwar tawa na da ita, siririya, kuma da likitan ya gama zayyana mata yadda za a jera na ƙasan sai ya tambaye ta ko a haɗa da saman a rufe gibin tunda ana ciki. Ta ce a'a likita, na ƙasan na zo gyarawa, wannan a bar mani kayata. Ya ce to sai dai ki sani ritenar da za a yi maki dole a yi ta da gurbin, in ba haka ba ita da kanta za ta rufe shi.